Mai Lambu Da Wuƙar Babansa

Akwai wani mutum mai aikin lambu, sunansa Akila. Lambunsa yana bakin wani kogi, gadon ubansa ne, cike da lemu da mangwaro da gwaiba. Abin da ya fi sani a duniya shi ne aurar da itace. Yakan yanko idon reshe daga bishiya mai zaƙi, ya tsaga ɓawon wata mai tsami, ya zura idon a ciki ya ɗaure, har su kama juna su zama jiki ɗaya. Mutane sukan yi tafiyar yini guda domin su sayi dashensa. Amma in ka tambaye shi ko ya iya aikin, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana ɗan taɓawa. Haka ake yi a ƙasarsu. Gwani ba ya faɗin gwanintarsa da bakinsa, maƙwabcinsa ne yakan karɓe maganar ya ce, "Rabu da shi, duk yankin nan babu kamarsa." Shi kuwa sai ya yi ta kallon ƙasa kamar wanda aka kama da laifi.

Wata shekara kogin ya yi ambaliya, ya cinye lambun da gidan da rabin garin. Akila ya fita da matarsa Keziya da 'yarsu Murna, da rigar da ke wuyansa, da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda ubansa ya bar masa, gama kullum tana aljihunsa. Aka tara mutanen garin a wata makaranta da ke kan tudu, iyali uku a aji ɗaya, an raba su da zane. Aka kuma faɗa musu cewa bayan bikin Ista yara za su koma karatu, kowa ya nemi wurin da zai sa kansa.

Sai Akila ya tashi ya tafi wani babban birni mai nisa a bakin teku domin ya nemi aiki da ɗaki. Mutanen birnin da Turanci suke ciniki, da Turanci suke faɗa, da Turanci suke ɗaukar ma'aikata. Shi kuwa Turancinsa na aji uku ne, ya daɗe da tsatsa. Kowace Lahadi yakan kira Keziya a waya, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa ko ya samu ba. Takan ce suna lafiya, Murna ta daina tari. Rashin tambayar nan ya fi kowace tambaya yi masa nauyi.

A birnin akwai wata tsohuwa, ana ce mata Mama Afiniki. 'Yar Arewa ce, aure ya kawo ta tun shekara arba'in da suka wuce, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Kowace Talata da Alhamis da yamma takan tara baƙi a barandar coci tana koya musu Turancin neman aiki: yadda ake cika takarda, yadda ake gaisuwa, yadda ake amsa tambaya a intabiyu. Dokarta ɗaya ce, muddin kana kan bencinta ba ka yin wani harshe sai Turanci, ko gurgu ne ko makaho. Tana da faɗa, tana da tsokana, kuma ba wanda ya taɓa barin barandar nan da yunwa.

Akila ya ba da himma. Ya koyi ranaku da lambobi, ya koyi sunayen itatuwa da kayan aiki, ya iya rubuta sunansa da na garinsu a layin da ya dace. Da wata huɗu suka cika, aka ji wata gonar renon itatuwa a bayan gari tana neman ma'aikaci. Ya wanke rigarsa ya tafi. Da ya shiga ofis sai ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kafa idonsa a ƙasa, gama a wurinsa rashin kunya ne ka zuba wa babba ido. Manajan ya tambaye shi ko ya san aikin itatuwa. Akila ya gane tambayar sarai, ya kuma san kalmomin amsa. Ya ce ya sani kaɗan. Sa'an nan ya dakata, kamar yadda ya saba, domin wani ya ƙarasa maganar. Amma babu kowa a ɗakin sai shi da manajan da fanka. Manajan ya ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, ya ce suna neman wanda ya sani da yawa, ya yi masa godiya.

Da Mama Afiniki ta ji labarin, ta riƙe haɓa. Ta ce masa a wannan gari wanda ya ce kaɗan, kaɗan ɗin za a rubuta masa, kuma in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemo ka ɗaura. Ta rubuta masa jimla uku a allo: shi gwani ne, ya shekara ashirin yana aikin, ba wanda zai ɗauke shi ya yi da-na-sani. Ta ɗora tabarau a kan hanci ta zama manaja, ta ce ya dube ta ya faɗa. Akila ya karanta su daidai a kan allo. Amma da ya juyo zai faɗe su a kan kansa, sai harshensa ya ƙi. Suka gwada ranar Talata, suka gwada ranar Alhamis, har sauran ɗalibai suka haddace jimlolin, shi bai faɗa ba.

A ƙarshe ya karya dokar benci, ya ce mata da Hausa, "Mama, ki yi mini haƙuri. Yabon kai jahilci ne. In na faɗi wannan, ji nake kamar na tsaya tsirara a kasuwa."

Ta ce, "Ɗana, a gida maƙwabta ne bakinka. A nan wa ya san ka? Ista saura mako shida, kana so Keziya ta kwana a gindin bishiya saboda kunyarka?"

Akila ya koma kan benci ya zauna. Ya san gaskiya ta faɗa, ya kuma san ba zai iya ba, sai baƙin ciki ya rufe shi. Ita ma ta koma gida ranta a ɓace, tana jin ta matsa masa fiye da kima.

To, a bayan barandar akwai wata tsohuwar bishiyar lemu mai tsami, wadda ko yara ba sa jifa. Wata Alhamis Mama Afiniki ta zo da wuri, ta zaga baya za ta wanke hannu, sai ta ga an ɗaɗɗaure rassan bishiyar da yankin leda a wuri biyar, ga sabon toho kore shar yana fitowa daga kowane ɗauri. Da ɗalibai suka taru ta tambayi wanda ya taɓa bishiyar coci. Akila ya miƙe a tsorace, ya ce shi ne, ya ga bishiyar tana da ƙarfi amma ba ta da amfani, shi ya sa ya roƙo reshen lemu mai zaƙi a wani gida. Ta tambaye shi da Turanci wanda ya koya masa wannan.

Ya ce babansa ne. Daga nan kuwa sai bakinsa ya buɗe. Ya ce babansa yakan wasa wuƙa har ta aske gashin hannu kafin ta taɓa itace. Ya ce babansa ba ya yanka da rana tsaka, ba ya taɓa fuskar yanka da yatsa, yakan san reshen da zai kama tun daga yadda ɓawonsa yake saki. Ya ce babu mai hannun babansa daga kogi har dutse. Turancin yana tuntuɓe yana tashi, inda kalma ta ɓace ya cike da hannu, ya fito da wuƙar yana nuna yadda ake karkata ta. Bai sani ba, ashe kansa a ɗage yake, idonsa cikin idon tsohuwar, ya yi magana ta fi ta wata huɗu a haɗe.

Mama Afiniki ta bar shi har ya gama. Sa'an nan ta ɗauki tsumma ta goge jimlolin nan uku daga allo, ita ma ta karya dokarta ta ce, "Ni ce na yi wauta. Kada ka yabi kanka, ɗana. Ka yabi babanka yadda ka yi yanzu, ka faɗa musu shekara nawa ka tsaya kusa da shi, sa'an nan ka nuna musu abin da ya bar maka a hannu."

Ba a daɗe ba wata gona ta nemi mai aurar da lemu, kuma aikin yana tare da ɗaki biyu a cikin gonar. Mai gonar wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya yi wa Akila tambayar nan dai, ko ya san aikin. Kalmar "kaɗan" ta zo har bakin leɓensa, gama ita ce ta saba hanya. Sai ya tuna da zanen da ya raba Keziya da baƙin mutane. Ya ɗaga kai ya ce, da Turancinsa mai ɗingishi, "Babana gwani ne. Na tsaya kusa da shi shekara ashirin. Duk abin da ya sani ya sa a hannuna. Ka ba ni itace, in nuna maka aikinsa."

Dattijon ya kai shi inda aka jera dashe, ya ware masa guda goma. Akila ya fito da wuƙar ya yanka, ya tsaga, ya zura, ya ɗaure, dattijon yana tsaye yana kallon hannunsa. Da ya gama, dattijon ya ce baki ya yi nasa, saura itace ya ba da shaida, ya dawo bayan mako uku.

Mako ukun nan sun yi wa Akila tsawo. An riga an fara kwashe tabarmi daga makarantar, Keziya ta faɗa masa maƙwabtansu na aji sun tafi wurin dangi. Ran da ya koma gonar, saura kwana tara Ista. Suka kwance ledar ɗaya bayan ɗaya. Tara sun kama, idonsu kore. Na goma ya bushe ya yi baƙi. Dattijon ya nuna busasshen ya tambaye shi abin da ya faru da wannan.

Akila ya ce, "Taran nan aikin babana ne. Wannan ɗaya nawa ne."

Dattijon ya yi dariya har ya dafa kafaɗarsa, ya ce in haka ne zai ɗauke su su biyu, shi da babansa, a albashi ɗaya. Ya shiga ofis ya fito da makulli. Ranar Asabar kafin Ista Keziya da Murna suka sauka a tasha. Da suka shiga ɗakin, Keziya ta rufe ƙofa, ta buɗe, ta sake rufewa, gama wata bakwai ke nan rabonta da ƙofar da za ta ce tata. Sa'an nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta hana kanta yi a waya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mai lambun shi ne kowane ɗayanmu, wuƙar kuwa ita ce baiwar da Ubanmu na sama ya sa a hannunmu. Kunyar Akila ba mugun abu ba ce, tarbiyya ce mai kyau, Allah kuwa yana ƙaunar mai tawali'u. Amma ya yi zaton gwanintar tasa ce, shi ya sa faɗinta ya zame masa fahariya, har ya kusa barin iyalinsa a waje. Ran da ya tuna cewa karɓa ya yi, sai bakinsa ya sami abin faɗa ba tare da girman kai ba. Waɗansunmu a nan sun iya ɗinki, waɗansu sun iya jinya, waɗansu sun iya sulhunta mutane, amma in aka nemi mai yi sai mu ce muna ɗan taɓawa, mu koma bayan benci, muna kiran wannan tawali'u. Alhali akwai wanda yake jira a bayan zane, ba zai sami ɗaki ba sai mun buɗe baki. Kada ka ce kai gwani ne. Ka faɗi wanda ya ba ka, ka miƙa hannu ka yi aikin, in wani reshe ya bushe ka amsa cewa naka ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu 'yan gari. Kun ji yadda Akila ya yi shiru a ofis yana jiran maƙwabci ya ƙarasa masa magana, maƙwabci kuwa babu. A cikin taron nan na yau akwai baƙon da ya baro duk mutanen da suka san abin da ya iya. Yana koyon harshenmu da ƙyar, yana cika takardu, in an tambaye shi ya ce kaɗan, ya dakata. Ka zaga bayan baranda ka ga abin da hannunsa ya ɗaura. In ka gani, ka tsaya kusa da shi ka ce, "Rabu da shi, babu kamarsa."