Hannun da Ya Daina Ciwo

Akwai wani mai aski da ya shekara ashirin da bakwai a shago ɗaya. Hannunsa ba ya rawa, askinsa ba ya bukatar gyara. Aibinsa guda ne: ya ƙi jinin a gan shi yana koyon abu.

Wata safiya yana cikin yi wa wani gyaran fuska, reza ta suɓuce masa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa ta dawo da wuri, hannun dama ya yi nauyi.

Likita ta ba shi aiki: kullum sau uku, ya tsinci maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya daga kwano, ya zuba a wani. Ta ce, "Zai yi zafi, Baba. Ka daure. Watannin farkon nan su ne damarka, in suka wuce hannun zai sandare."

Ya fara. Zafin yana tashi daga yatsu har kafaɗa, zufa tana ɗiga. Maɓalli biyar sai ya ci rabin awa. Ran nan amininsa, wani direba, ya shigo dubiya ya tarar da shi a kai.

"Kai, sarkin almakashi, wasan 'yan yaye aka koma? A kawo maka kwalba da nono mana."

Aka yi dariya, har da shi. Baƙo na fita ya ture kwanon ƙarƙashin gado.

Matarsa ta ce, "Maigida, ko goma ka tsinta."

"Ni ba yaro ba ne. Hannu ya san aikinsa, hutu kawai yake so."

Ya ba shi hutun. Zafi ya ragu, ya ce ai ga sauƙi nan. Bayan wata takwas ya buɗe shago, ya karkaɗe kujera, ya ɗauki almakashi. Yatsun sun lanƙwashe cikin tafi, ko ɗaya bai shiga ramin almakashin ba.

Ya koma wurin likita. Ta juya hannun, ta ja yatsun.

"Da zafi?"

"Babu ko kaɗan," ya ce, har da murmushi.

Ta ajiye hannun a hankali bisa cinyarsa, ba ta ɗago ta dube shi ba.

Darasin a fili yake. Zafi da jin kunya a farkon sabon abu ba alamar kuskure ba ne, alama ce cewa ana motsawa. Wanda ya guje musu zai sami sauƙi, amma a bakin abin da yake nema. Shi kuwa mai yi wa mai koyo dariya, ya sani ya yi ɓarna. Direban nan har yau bai je ya nemi gafara ba, kuma wajibi ne ya je.