Shanu Arba'in a Takarda

'Yan'uwa, an hana mu rantsuwa, shi ya sa kawai ba zan rantse ba. Amma na san ba za ku yarda da wannan ba.

Akwai wani mutum mai baki kamar kalangu, wanda ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, wai malaman ba su da sauran abin koya masa. Baffansa ya rasu, ya bar matarsa da gona da shanu huɗu, ɗaya ma gurguwa. A wasiyya ya ce wannan mutum ne zai tsaya kan gadon, tun da kullum shi ne "ni na iya".

Ran jana'iza mutumin ya miƙe ya yabi mamaci. Ya ce in garken Baffa ya fito, sai motoci su tsaya. Jama'a suka gyaɗa kai. Wa zai ƙirga shanu a bakin kabari?

Sai aka tura shi kotu ya cika takardun harajin gado. Sawu biyar, jama'a! Yau fom ya ƙare, gobe a kawo hoto, jibi mai hatimi ya tafi biki. A na shida ya isa gaban akawu, ashe tsohon ɗan ajinsu ne, wanda ya gama makarantar, har da tabarau.

Akawu ya ce, "A'a, mutumina! Har yanzu a karkace kake rubutu? Kawo in cika maka. Baffan naka ya bar abin rubutawa kuwa?"

Mutumin ya fizge biro. "Ni za a cika wa fom? Ka san garken gidanmu?" Inda aka ce shanu, ya danna arba'in, ya sa hannu har da lanƙwasa.

Akawu ya buga hatimi. "Madalla. Ɗaya cikin goma na hukuma ne. Kuɗin shanu huɗu ke nan."

"Tsaya, hannuna ne ya zame!"

"Hatimi kuwa bai zame ba. Na gaba!"

Da ya koma gida, matar Baffa ta sa aka karanta mata takardar. Ta ce, "Ɗana, huɗun da nake da su za a kwashe ke nan? To, kawo mini talatin da shidan."

Ma'anar wannan misali ita ce, kowace magana da ta fita bakinka fom ce, akwai kuma ranar hatimi. Biron nan girman kai ne, wanda ya gwammace ya yi ƙarya da a ce bai iya ba. Gwauruwar kuwa ita ce duk wanda ya amince da kai, don mai cika baki ba shi yake fara biya ba. In an ba ka amana, faɗi huɗu, har da gurguwar. In ba ka iya ba, miƙa biro.

Da na kai nan a ajin manya na coci ran Lahadi, ina shirin rufewa da addu'a, sai Mama Tabita, matar marigayi baffana, ta ɗaga hannu.

"Filibus, misali ya yi daɗi. Amma ka manta ƙarshensa. Shanuna ba inda za su. Dattawa sun riga sun yi wa babur ɗinka kuɗi, sauran kuma daga masararka ta bana."

Na ce, "Mama, ai wani mutum na ce."

Ta miƙo hannu. "To, wani mutum, kawo makulli."

A ƙasa na koma gida.