Mai Ɗanɗano da Mataccen Hanci

An yi wani mutum a wani ƙauyen masu noman inabi a Faransa, can bakin kogin Loire, inda na daɗe da zama. Ba zan faɗi sunansa ba, 'yarsa tana nan da rai. Kada kuma wani ya fita ya ce yau Malam tallar giya ya yi. Hukuncinta kun san shi, ba a kansa na tsaya ba. Magana ce a kan mutumin da ya ba da shaida a kan abin da bai ji ba.

Allah ya yi wa mutumin nan baiwar hanci. In aka miƙa masa tambulan, sai ya juya shi, ya sunsuna, ya kurɓa, ya kuskure baki ya tofar, sannan ya faɗi gangaren da inabin ya fito da shekarar da aka tsinke shi. Shekara talatin ba wanda yake zuba giyarsa a kwalba a ƙauyen sai ya kira shi. In ya ce ta yi, ta yi. In ya yamutsa fuska, mai ganga ba ya iya cin abinci ranar. Shi kuma yana jin daɗin wannan tsoro da ake yi masa, yana jan shiru kafin ya yi magana, don dai ya ga gumi a goshin mutane.

Wani hunturu mura ta kama shi. Mako biyu ta sake shi, amma ta tafi da hancin. Ya tashi da safe ya kai kofin gahawa fuska, bai ji komai ba. Ya yanka albasa, ido ya yi ruwa, hanci shiru. Ya buɗe cukun akuya wanda warinsa kan kori kare, kamar ya sunsuna dutse. Likitan birni ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba.

Ya 'yan uwa, mene ne laifinsa a nan? Babu. Ciwo ba zunubi ba ne. Wanda ya ba shi ne ya karɓi abinsa. Abin da ya rage masa kalma uku ce: ba na ji. Amma girman kai rawanin tsiya ne, sai ya zaɓi ya yi shiru.

Ya koyi dabara. Ya riƙa ɗaga tambulan sama yana karanta launi. In akwai mutane, sai ya bari kowa ya riga shi magana, ya saci kallon fuskokinsu, sannan ya maimaita abin da suka ce da kalmomi masu ƙyalli. In tambulan ya yi sanyi a hannu, ya san farar giya ce, don fara ake sanyayawa, ba ja ba. Shekara biyu yana haka, ana ta jinjina masa, shi kuma kullum yana tsoron asirinsa ya tonu.

Yana da 'ya guda ɗaya, mu ce mata Odile. Ita ce ta karɓi gonar gidan. Ta ƙi kai inabinta babbar masana'antar haɗin gwiwa inda ake cakuɗa na kowa da kowa, ta ce ita za ta matse nata, ta sa sunanta a jikin kwalba. Shekara bakwai tana fama, ita ce datsar reshe a cikin ƙanƙara, ita ce wankin ganga, ita ce ɗaukar kwalabe a bayan mota tana bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da nake ba ku labari, masu saye sun fara nemanta da kansu. Tana da ganga goma sha biyu na jar giya, ranar haɗa su wuri ɗaya ta zo.

Ta kira mahaifinta ɗakin gangunan. Ta ɗebo daga ta tara ta miƙa masa.

"Baba, sunsuna mini wannan. Ni kamar warin bargar doki nake ji a ƙasanta. In ta kamu, gara in ware ta, kar ta ɓata mini sauran."

Su biyu ne kawai a wurin. Babu fuskar da zai saci kallo, babu kuma wanda zai ji in ya faɗi gaskiya sai 'yar cikinsa. Ya juya tambulan, ya cusa hanci, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Bai ji komai ba. Ya kurɓa ya tofar.

"Wane doki? Ke da hancinki jiya aka haife shi. Ƙamshin ƙasar gangaren nan ne, haka take tun zamanin kakanki. Haɗa abinki."

Odile ta sake sunsunawa. Ta yarda da uban da bai taɓa kuskure ba, ta ƙaryata hancinta. Ta haɗa.

Irin wannan wari ba ya tsayawa inda yake, yaɗuwa yake yi. Bayan wata huɗu kwalabe suka fara dawowa. Wannan mai gidan abinci ya aiko da nasa kwali, wancan ya bugo waya da baƙar magana, wani ko magana bai yi ba, ya daina ɗaga kiranta. Jar shekarar gaba ɗaya ta lalace, ganga goma sha ɗaya masu kyau sun bi guda ɗaya.

Kuna tsammanin a nan ya tuba? Wallahi a nan ya ƙara. Ya zauna a shagon shan gahawa na dandali, da aka tambaye shi, sai ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu gaggawa gare su. Ran da na ɗanɗana lafiya lau take. Wankin tiyon zuba giya ne ba ta yi da kyau ba." Uba ke nan, ya ɗauki kunyarsa ya ɗora wa 'yarsa a ka, a gaban mutanen da za ta ci gaba da zama da su. Maganar ta riga shi isa gida.

Daga nan Odile ta fara lura da shi. Ta ga madara ta ƙone a kan wuta yana zaune kusa yana karanta jarida. Ta ga yadda yake jira kowa ya yi magana kafin shi.

A watan Janairu masu inabi suna da bikinsu na shekara. Bayan coci sai a haɗu a zauren ƙauye a ci abincin rana, sannan a fito da baƙaƙen tambulan waɗanda ba a ganin abin da ke cikinsu, a gwada gwanaye. Shekara biyu mutumin nan yana zillewa, yau ciwon haƙori, gobe tafiya. A wannan karon tsohon abokinsa Firmin ya riƙe masa hannun riga.

"Ina za ka, sarkin hanci? Yau ko haƙoran duka za su zube sai ka sha. Odile, zuba wa tsohon nan, ya nuna wa yara yadda ake yi!"

Aka yi tafi. Odile ta miƙa masa. Tambulan ya yi sanyi har da raɓa a jikinsa, sai hankalinsa ya kwanta. Ya juya, ya sunsuna, ya ja shirun nan nasa.

"Fara ce," in ji shi. "Ta gangaren bayan maƙabarta, mai kallon gabas. Ina jin furen lemo, da ɗan zuma a ƙarshe."

Odile ta karɓi tambulan ta juye a kan farin faranti. Ja ce. Ita ce wadda ta lalace, ta kwana a cikin ƙanƙara. Waɗanda ke ƙarshen tebur ma sun ji warin barga ya taso musu.

Wani saurayi ya fara dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye. Firmin ya saki hannun rigar. Kowane manomi a zauren yana tuna gangar da mutumin nan ya yaba ko ya kushe a shekara biyun nan.

"Tun yaushe, Baba?" in ji Odile.

Ya ƙura wa farantin ido.

"Da ka gaya mini, ni zan zame maka hanci, ba mai ji ba mai gani. Na tambaye ka, mu biyu kaɗai. Na tambaye ka fa, Baba."

Hancin bai dawo ba, mutuncin ma haka. Ba wanda ya sake kiransa bakin ganga. Odile ba ta farfaɗo ba, masu saye ba sa komawa inda suka taɓa jin wari. Kakar da ta biyo ta loda inabinta a tarakta ta kai masana'antar da ta yi shekara bakwai tana gudu, aka juye shi cikin na kowa. Ba ta kori uban ba. Tana dafa masa abinci, tana kai shi asibiti, tana wanke masa kaya. Amma har ya mutu ba ta sake tambayarsa ra'ayinsa a kan komai ba, ko a kan gishirin miya.

Ya 'yan uwa, na ga wasunku suna murmushi, wai ai masu giya ne, can su ƙarata. To, ku dawo gida. Nawa ne a cikinmu ake tambayarsu abin da ba su sani ba, su kasa cewa ban sani ba? Malamin da karatu ya kwance masa amma yana ta ba da fatawa. Mai maganin da idonsa ya raunana, yana karanta takarda da ka. Dattijon da aka kira shaida a kan iyakar gona, ya manta, amma ya nuna da sanda don kada a ce ya tsufa. Duk shaidar zur ce, ko da a kan tambulan ɗaya. Kuma ba baƙo take fara ci ba, wanda ya fi yarda da kai take ci, don shi ne ba zai bincika ba.

Duk baiwar da ke hannunka aro ce. Ran da Mai ita ya karɓa, ka faɗa da bakinka tun kafin a juye ta a faranti gaban jama'a.

Allah ka ba mu ikon cewa ba mu sani ba. Allah kada ka sa girmanmu ya zama abin da zai karya 'ya'yanmu. Allah ya kiyaye mu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.