Lambar Sirrin Inna Turai

Ku gyara zama, ga wata magana da ta hana wani gida sakat.

Inna Turai mai ƙuli-ƙuli ta shekara tara tana fama da ciwon zuciya. Duk asibitin da ta je sai a yanka mata sabon kati, a sake ɗibar jini, a sake tambayarta abin da ta faɗa sau ɗari. Ranar da fayil ɗinta ya ɓata karo na uku, ta tara 'ya'yanta uku.

"Jikina ne, ciwona ne, amma labarinsa yana hannun kowa ban da ni. Na gaji."

Babbansu, Nafi'u, sana'arsa ƙirƙirar manhajar waya. Wata shida ya yi yana gina mata ma'ajiyar bayanan lafiya da ba ta buɗuwa sai da lambar da ita kaɗai ta sani. Likita ma sai ta yarda zai gani.

Ƙanwarsa Mardiyya, ma'aikaciyar jinya, ta bi asibitoci biyar, nan roƙo can faɗa, ta tono tsofaffin takardu ta shigar. A ciki ta tsinci wani rubutu da kowa ya manta: akwai allurar da ke ɗauke wa Inna numfashi.

Zuwaira tela ce, ba ruwanta da kwamfuta. Tambaya ɗaya ta yi: "In kika suma fa, Inna, wa zai buɗe?"

"Fatan da kike min ke nan?" in ji Inna.

Zuwaira ta nace, kullum da maganar, har Inna ta gaji ta yarda a bar gargaɗin allurar a fuskar wayar, kowa ya gani.

Bayan wata biyu Inna ta yanke jiki ta faɗi a wurin suna, a garin da ba a san ta ba. A asibitin da aka kai ta, likita ya riga ya zuƙi allurar nan lokacin da wata mata ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya ajiye sirinjin.

Da ta warware, ta ce za ta ba mutum ɗaya lambar, ɗaya tak. Tun ranar gidan ya rikice. Wannan ya ce ba don shi ba babu ma'ajiya, waccan ta ce fanko ya gina, ta uku ta ce ba don ita ba, da a kulle za a sami gargaɗin.

"Na tsira daga allura," in ji Inna, "ga shi surutunku zai ƙarasa ni."

To, ku da kuka ji, wa za ta danƙa wa lambar?