Shaidar da Aka Yi wa Mai Fenti

An yi wani mutum, babban kafinta, shugaban ma'aikata a wani shagon haɗa kujeru. Dattijo ne a ikkilisiya. Kowace safiya yakan tara iyalinsa a falo ya karanta musu Maganar Allah da murya mai kauri, har 'ya'yansa na tsokanarsa wai gidan rediyo sun yi asarar ma'aikaci.

Wata rana da yamma ya ɗora tukunyar gam a kan risho, aka kira shi waje, ya kulle shago ya tafi gida. Wuta ta kama garin katako, ta cinye shagon. Wani tsoho mai gadin shagon ya shiga kashe ta, bai fito ba.

Da 'yan sanda suka zo, kafintan ya san gaskiya sarai. Amma akwai wani mai fenti a shagon da ake wa laƙabi da Ashana, don sigari ba ta barin bakinsa. Kafintan ya ce ya gan shi yana shan taba kusa da gwangwanayen fenti. Wa zai ƙaryata dattijon coci saboda mashayi? Aka ɗaure Ashana.

Ya 'yan uwa, kada ku ce Allah ya yi shiru. Bai yi ba. Yau karatun safiya ya faɗo kan sarkin da aka yi wa mai gonar inabi shaidar zur dominsa. Gobe ya faɗo kan jinin da ke kuka daga ƙasa. Muryar mutumin ta fara rawa. Sai ya koma tsallake shafi, yana neman inda aka yi zancen jinƙai kawai. Jinƙai yake so, amma ba ya son hanyar da ake bi a same shi.

Uwar Ashana ta same shi a bakin coci, ta durƙusa. "Baba, ɗana yana tari har da jini. Ka sake tunawa, ko ba shi ka gani ba?" Ya ɗaga ta, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya sallame ta.

Matarsa kaɗai ya gaya wa gaskiyar. Ta roƙe shi ya je ya faɗa. Ya ce bari a gama bikin 'yarsu, kada surukai su ji. Aka gama biki. Ya ce bari sabon shago ya tsaya da ƙafarsa. Shago ya tsaya.

Wata safiya yana tsakiyar karatu, littafin ya suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya ƙi motsi.

Ni, fastonsu, aka kira asibiti. Na same shi yana ta gurnani, miyau na zuba a kan matashi, idonsa a kan matarsa. Ta fashe da kuka ta ce, "Fasto, so yake in faɗa." Ta faɗa mini duka. Na tambaye shi ko haka ne, ya matse hannuna har na ji zafi.

Daga nan gidan yari na nufa. Jami'in da ke bakin ƙofa ya ce mini ai an binne Ashana tun makon jiya.

Da na koma, mutumin bai dube ni ba. Bayana yake leƙawa, ko na zo da wani. Ya ga ni kaɗai ne. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin kukan nan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Bai kai ƙarshen watan ba.

Ban ce muku Allah ya ƙi shi ba. Wannan ba hurumina ba ne. Jinin Yesu ya isa ya wanke wanda ya fi shi laifi. Amma tuban da ya jinkirta bai fito da kowa daga kurkuku ba, bai mayar wa tsohuwa ɗanta ba.

Kai fa, ɗan'uwa? Wa yake ɗauke da laifinka a yau? Wace aya kake tsallakewa? Wa ya yi maka alkawari cewa harshenka zai kai gobe? Idan akwai wanda ka zalunta, kada ka jira a tashi sujada ka ce sai an huta. Tashi ka neme shi tun yana numfashi, tun kai ma kana iya buɗe baki.

Ya Ubangiji, kada ka bar mu mu karanta Maganarka da taurin zuciya. Ka ba mu tuba tun da sauran lokaci. Allah ya kiyaye mu, cikin sunan Yesu. Amin.