Korau da Dafin Kububuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata damisa ce ta addabi wani gari, yau akuya, gobe mutum. Maharbin garin, Korau, ya harbe ta har ya gaji, kibiya sai ka ce ƙaya. Ran da ta ɗauke ƙanensa, sai ya rantse zai dafa dafin da zai kashe ta.

To, maharba suna da yadda suke gwada dafi. Mutum ya tsaga damtsensa, jini ya gangaro, sai ya ɗiga dafin a ƙarshen jinin. In mai ƙarfi ne, jinin zai yi baƙi yana hawa sama. Sai a yi maza a shafe, don in ya isa tsagar, sai dai gawa.

Korau ya dafa kwankwani, tsiron da ake dafin kibiya da shi, ya gwada. Jini ja wur. Ya roƙi Kunama ta ƙara nata. Ya sake gwadawa, baƙi ya ɗan motsa, ya tsaya. Sai ya tafi ramin Kububuwa.

Ta tofa masa a tukunya, ta ce, "Malam maharbi, nawa ba a shafe shi sai na ce."

Shi kuwa, gogan naku, fushi ya rufe masa ido. Ya ce, "Na yarda."

Ya tsaga, ya ɗiga. Baƙi ya kama hawa, ya wuce wuyan hannu.

"In shafe?"

"Tukuna."

Ya kai gwiwar hannu. Tsoro ya kama Korau.

"Baba Kububuwa, in shafe?"

"Haba, saurin me kake?"

Saura ɗan yatsa ya isa tsagar. Korau ya ɗaga kai, sai ya ga ba hannunsa take kallo ba, kwarin kibiyoyinsa take kallo, wanda aka lulluɓe da fatar maciji. Wuf, ya shafe da warkinsa.

Kububuwa ta ce, "Kash! Fatar ɗana ce a kwarin nan naka." Ta sulale rami.

Damisa dai kibiya ɗaya ta ci, ta faɗi. Amma dafin ya riga ya ratsa fata, daga baya hannun Korau ya shanye, bai sake ɗaga baka ba.

Shi ya sa na kibiya da na maciji duk dafi ake ce musu, tukunyarsu ɗaya. Kuma wanda ka cuta, kada ka bari shi zai ce maka "ya isa".

Kurunkus, ta ƙare nan.