Kyanwar Tasalla da Jar Darduma

An ce wai a wani zango na fataken goro, can cikin kurmi a bakin wani babban kogi, an yi wani dattijo mai suna Mijinyawa. Garin irin wanda damina ba ta san sallama ba ne. Da safe farin tururi kan taso daga kogi ya kwanta a kan rufin gidaje, riga ta wuni a igiya a ɗauke ta da danshinta, gishiri ya narke a ƙwarya ba wanda ya taɓa shi.

Matarsa Tasalla ta rasu ta bar masa wata farar kyanwa da ta rena, da jar dardumar da ta zo da ita daga arewa tun tana amarya. Tun ranar da aka fita da gawarta bai ɗaga dardumar ba, bai kuma buɗe tagar ɗakin ba. Kullum sai ya zuba turaren wuta irin nata a kasko, ya ja ƙofa, ya zauna cikin hayaƙi da kyanwa a cinya. A nan yakan ga Tasalla kamar a mafarki, tana tsefe kai tana yi masa tsiyar cin goro, shi kuwa yana murmushi shi kaɗai.

Ruwan sama ya hana kyanwa fita, sai ta mai da gefen darduma wurin fitsari. Mijinyawa yakan kwara ruwa ya goge ya ƙara turare, kamar yadda ake yi a arewa inda rana ke shanye komai kafin azahar. To, a kurmi ina ranar take? Zarni ya haɗu da danshi da turare, ya bi soro-soro har ya isa zaure inda ƙanensa Barau ke ajiye huhunan goro. Masu saye suka fara toshe hanci suna juyawa.

Da abin ya ishi Barau, sai ya kai ƙara gun Alƙali Gwadabe, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, Yayana ne, ba na son ja da shi. Amma gida ya gagari shiga. Ko a jefa kyanwar nan a kogi, ko in kwashe iyalina in bar masa gidan ubanmu."

Aka kira Mijinyawa, shi kuwa ba ya iya rabuwa da kyanwar, ba ya kuma iya rabuwa da ƙanensa. Ya ce, "Amana ce, Malam. Matata da bakinta ta ce in kula da ita."

Alƙali ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, amma ba na yanke wa mai rai hukunci bisa zato. A kawo kyanwar ta zauna a gidana. In wari ya biyo ta, kogi ya samu rabonsa. In ya zauna inda yake, sai mu nemi mai shi."

Kyanwa ta yi kwanaki a gidan alƙali. Aka aje mata tsohon kasko cike da busasshen rairayi ana sauyawa, ba wanda ya ji komai. A gidan su Barau kuwa, duk sa'ad da hadari ya haɗu sai zarni ya taso sabo fil, kamar yanzu aka yi.

Alƙali ya taka da kansa har ɗakin. Ya sa sanda ya ɗaga gefen darduma, sai ga ƙasanta baƙi ƙirin da fumfuna, daɓe ya jiƙe sharkaf.

Ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyanwa ta yi ɓarna, kai kuma ka adana mata ɓarnar, ka shayar da ita ruwa, ka rufe ta da turare. Dabba kuwa inda ta ji warinta nan take komawa. Barau ya yi gaskiya, dole abu guda ya bar gidan nan, amma ba ni zan zaɓa ba. Mijinyawa, marigayiya ta bar maka mai numfashi da marar numfashi. Wanne za a tambaye ka a kansa gobe kiyama?"

Mijinyawa ya matsa kusa da dardumar. Ya durƙusa ya naɗe ta da hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Ya nufi taga, itacen ya kumbura ya ƙi motsi, sai da Barau ya zo ya sa kafaɗa, yana cewa, "Bari in kama maka, Yaya."

Iskar kogi ta shigo. Hayaƙin turare ya miƙe a hankali ya bi ta taga, dattijo yana kallonsa har ya ɓace a cikin itatuwa. Ranar ce ya yarda Tasalla ta tafi, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Aka fitar da dardumar daga gidan, aka kankare daɓen, aka wanke gurbin da ruwan lemun tsami, aka barbaɗa toka, aka aje garwashi ba turare, ƙofa a buɗe, har ƙasa ta bushe. Kyanwa ta dawo gida, Barau bai tashi ba.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, wanda ya rufe ƙofa don kada ƙamshi ya fita, wari yake tsarewa, kuma riƙon amanar mamaci yana ga kula da mai ran da ya bari.